Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Majalisar Kensington Da Chelsea A Kan Gidan Leighton

Zuwa ga Shugaban Majalisa da Kansiloli,
Ƙaramar Hukumar Kensington da Chelsea, Landan.

Ranku ya daɗe,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Bayan haka, ni magini ne, ɗan magini, jikan magini. A cikin birnin Zariya aka haife ni, na tashi ina cuɗa ƙasa da ƙafa ina miƙa wa mahaifina tubali a kan katanga, yanzu kuwa na daɗe ina cin abinci da saka tayil da yaɓe a gidajen Landan. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami gida ɗaya ne da ke hannunku, mai lamba 12 a titin Holland Park Road, wanda aka fi sani da Gidan Leighton. Da Hausa na rubuta, domin da ita nake tunani idan magana ta taɓa mini zuciya, kuma ina son 'yan'uwana mazauna wannan birni su ji abin da ke cikin gidan nan, su san suna da rabo a cikinsa.

Wanda ya bi ta titin ba zai ɗauka akwai wani abin kallo a ciki ba. Jan bulo ne tsaf, ba ado mai yawa, kamar mutumin da ya sa doguwar riga ya rufe kayan sarauta. Mai gidan, Frederic Leighton, mai zane ne da aka haifa a 1830. Yana ɗan shekara 24 Sarauniya Biktoriya ta sayi zanensa, a 1855, daga nan sunansa ya tashi, har ya zama shugaban Royal Academy, babbar majalisar masu zane ta Ingila, a 1878. Ya karɓi filin a 1864, ya ɗauko abokinsa George Aitchison ya tsara masa ginin, ya tare a 1866, sannan suka yi ta ƙari kusan shekara 30, yau a fitar da ɗaki nan, gobe a ɗaga bango can. Duk girman gidan ɗakin kwana ɗaya ne tak na mai gida, ƙarami, domin Leighton bai taɓa aure ba. Inda ya zuba hankalinsa shi ne ɗakin zane na bene, mai ƙatuwar taga da ta fuskanci arewa don ya samu haske wanda ba ya sauyawa da tafiyar rana, sai kuma zauren da ya ƙara a ƙasa tsakanin 1877 da 1881, wanda ake kira Zauren Larabawa.

Ranar da na fara shiga zauren nan ƙarar ruwa ce ta fara tarbar ni. A tsakiyar daɓe akwai ɗan kwarmi na baƙin marmara, ruwa yana tsartuwa yana komawa cikinsa. Na ɗaga kai na ga ƙubba mai ruwan zinariya, da ƙananan tagogi masu gilashi launi-launi, da wata taga ta katako mai huji-huji, irin wadda Larabawa ke kira mashrabiya, tana leƙo zauren daga bene. A ƙarƙashin ƙubbar an zagaye ɗakin da ɗamarar ado ta ƙananan gilasan zinariya da aka jera ɗaya bayan ɗaya, zanen Walter Crane. Bango kuwa, daga ƙasa har inda hannu ba ya kaiwa, tayil ne shuɗi da kore da fari, furanni da rassa da tsuntsaye. Siffar ɗakin an ɗauko ta ne daga wani zaure na fadar Zisa da ke Palermo a tsibirin Sisili, fadar da sarakunan Norman suka gina a ƙarni na 12 da hannun magina Musulmi.

Ina cikin kallo sai idona ya faɗa kan wani dogon rubutu a can sama, farin rubutu a kan shuɗi. Ban yi niyyar karantawa ba, bakina ne ya riga ni. Farkon Suratur Rahman ce: Mai rahama, Ya sanar da Alƙur'ani, Ya halicci mutum, Ya sanar da shi bayani. A makarantar allo, idan yaro ya faro daga ƙasa, wannan ne izu na bakwai, kuma na tuna ranar da malaminmu ya rubuta mini shi a allo, na tuna ɗacin hayaƙin kara da muke karatu a gefensa da asuba. Sai ga shi a bangon gidan wani Bature, a tsakiyar unguwar attajiran Landan, mutane suna wucewa ta ƙarƙashinsa suna ɗaukar hoto. Na daɗe a tsaye. Tun daga ranar nake komawa gidan, kuma tun daga ranar nake ɗauke da maganar da zan faɗa muku yau.

Kafin in faɗe ta, yabon gwani ya zama dole. Gidan nan ya sha da ƙyar ba sau ɗaya ba. An ba Leighton sarautar Lord ranar 24 ga Janairu 1896, washegari ya rasu, kuma a watan Yuli na wannan shekarar aka kwashe kayan gidan kaf aka yi gwanjonsu a Christie's. Zane-zane, kujeru, tangaraye, dardumai, duk suka watse cikin duniya. Abin da ya tsira shi ne abin da ke manne da bango. 'Yan'uwansa mata biyu da wasu masoyansa suka tsaya har gidan ya zama wurin ziyara, a shekarun 1920 kuma ya koma hannun majalisar Kensington ta wancan lokaci, wadda kuka gada. Bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu suka taɓa shi. Bayan yaƙi, da yake ba kuɗi, aka yi masa gyaran ganin dama, aka shafe bangaye da farin fenti, aka maƙala dogayen fitilu irin na ofis, wani sashe ya zama ɗakin karatun yara.

A wancan zamani ma mutanen Ingila ba sa ganin ginin zamanin Biktoriya da gashi. Tsohon yayi suke ɗaukarsa, mai duhu, mai tarkacen ado. A 1958 ne wasu tsiraru, cikinsu har da John Betjeman da Nikolaus Pevsner, suka taru suka kafa ƙungiyar Victorian Society don kare gine-ginen zamanin Biktoriya, kuma ba a ko'ina suka yi taron ba sai a gida mai lamba 18 Stafford Terrace, gidan mai zane Linley Sambourne, wanda shi ma yau ku ne ke kula da shi. Duk da kukansu an rushe babbar ƙofar tashar jirgin ƙasa ta Euston tsakanin 1961 da 1962. A nan bayan Gidan Leighton, a titin Melbury Road, gidan mai zane George Frederic Watts ya bi sahu a 1964, aka dasa benen haya a gurbinsa. Saboda haka idan na ce kun yi ƙoƙari ba baki ba ne. An rufe Gidan Leighton an yi masa babban gyara aka sake buɗewa a 2010 da ƙubbarsa tana walƙiya kamar da, sannan aka sake kashe kimanin fam miliyan 8 aka buɗe a Oktoban 2022, har kuka gayyato Shahrzad Ghaffari, mai zane 'yar Iran, ta zana bangon sabuwar matakala mai tsawon mita 11. Allah Ya saka wa duk wanda ya sa hannu.

To, ga maganar. Gidan nan amana biyu ce a hannunku, ta mutanen Ingila da ta mutanen Sham, kuma ta biyun ce nake tsoron a manta.

Ni mai saka tayil ne, idan na shiga ɗaki idona kan layin haɗi yake fara sauka. Ku matsa kusa da bangon Zauren Larabawa ku duba da kyau. Za ku ga inda reshen fure ya taho da ƙarfinsa ya tsaya cak a bakin tayil, na kusa da shi bai karɓe shi ba, domin asali ba maƙwabcinsa ba ne. Za ku ga inda sheƙin wani ya fi na 'yan'uwansa santsi, shuɗinsa ya ɗan bambanta. Wannan aikin William De Morgan ne, gwanin tayil na Landan, wanda aka ba aikin ƙera sababbi don cike gurbin waɗanda suka fashe ko suka ɓace a hanya. Ya yi aiki mai kyau, ina cire masa hula. Amma kowane ciko da ya yi shaida ne cewa akwai wani bango a wani gari da aka ɓamɓare, aka zuba abin da ya samu a akwati, aka ɗora wa jirgin ruwa. Mafi yawan tayil ɗin nan daga Dimashƙu suka fito, aikin ƙarni na 16 da na 17, wasu kuma daga Iznik ta ƙasar Turkiyya. Leighton da kansa ya je Dimashƙu a 1873, bayan ya riga ya zaga Aljeriya da Turkiyya da Masar, kuma yana da masu nema masa: wani ɗan mishan mai suna William Wright, da Caspar Purdon Clarke, da Richard Burton wanda ya riƙe muƙamin ƙaramin jakadan Ingila a Dimashƙu daga 1869 zuwa 1871. A wata wasiƙa da Burton ya aika wa Leighton a 1871 ya shaida masa cewa a shirye yake ya sa a rushe masa gida domin a samo tayil, matsalar kawai samun gidan da ke da su, ga dillalai kuma sun gane darajar kayan suna tsawwala kuɗi.

Ba na cewa sata aka yi. Ciniki aka yi da dillalai, kuɗi aka biya, kuma Leighton ya so kayan nan so na gaskiya, wanda bai so abu ba ba ya gina masa ƙubba. Sai dai tayil ba ya zuwa kasuwa da ƙafarsa. Kafin ya iso hannun dillali sai an sa kurfi da guduma a bangon wani gida, ko wata makaranta, ko wani masallaci, ko hubbaren wani bawan Allah. Dogon rubutun Suratur Rahman ba don ɗakin shan iskar wani attajiri aka rubuta shi ba. Akwai inda aka yi shi dominsa, akwai mutanen da suka saba ɗaga kai su gan shi, rana ɗaya suka ɗaga kai suka ga yaɓe tsirara.

Wani abu ya daɗe yana yi mini yawo a rai. A 1877, shekarar da aka fara gina Zauren Larabawa, a cikin wannan birni na Landan William Morris ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine, ta farko irinta a Ingila, yana kiran a daina ɓata tsohon gini da sunan gyara, a riƙa tallafarsa yadda yake. De Morgan kuwa amininsa ne. Ke nan a shekarar da Ingila ta farka ta ce kada a taɓa bangon kakanninta, a shekarar ce ake jera bangon kakannin wasu a Kensington. Dokar da ke kare Gidan Leighton a yau jikar wancan farkawa ce. Gidajen Dimashƙu da suka ba shi kyansa ba su samu mai tsaya musu ba.

Kada ku ɗauka zan ce a ɓamɓare a mayar. Sana'ata ta hana ni faɗin haka. Tayil ɗin da ya shekara sama da 140 a manne, ko wane irin gwani ne ya zo cire shi sai ya yi asarar wasu, kuma bangayen da suka fito daga jikinsu da yawa babu su. Ga kuma abin da ya sami Siriya tun 2011. Tsohon birnin Dimashƙu, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1979, ya shiga jerin waɗanda ke cikin haɗari a 2013, shekarar da hasumiyar babban masallacin Halab ta faɗi. Allah cikin ikonsa Ya sa abin da aka raba da gidansa ya samu mafaka. Amma wanda aka ba ajiya ba ya zama mai kaya don mai kayan ya shiga wahala.

Abin da nake roƙo shi ne ku riƙe su riƙon ajiya. A ɗauki hoton kowane tayil ɗaya bayan ɗaya, da awonsa da kaurinsa da launinsa na gaskiya, a rubuta duk abin da bincike ya gano game da inda ya fito da wanda ya sayo shi, a sa a intanet kyauta, da Larabci da Turanci, yadda magini a Dimashƙu ko Halab da ke son farfaɗo da bangon da yaƙi ya ci zai buɗe wayarsa ya ga aikin kakanninsa ƙuru-ƙuru ya kwaikwaya. A riƙa gayyato masana da masu sana'a 'yan Siriya, waɗanda da yawansu ma suna nan Ingila gudun hijira ya kawo su, su zauna da masu kula da gidan a matsayin abokan shawara. Mai ziyara kuma, tun kafin ya fita daga zauren, ya san cewa abin da ya burge shi yana da masu shi na farko, ya ji labarin wasiƙar Burton kamar yadda yake jin labarin Walter Crane. Faɗin wannan ba zai rage wa Leighton komai ba.

Sai maganar ayoyin. Na san gida irin wannan yana cin kuɗi, na san ana ba da hayarsa don liyafa da taro da ɗaukar fim, tun a shekarun 1980 ma an ɗauki bidiyon waƙoƙi a cikin zauren. Ban zo in hana ku neman abin da za ku riƙe gidan da shi ba, kuma ban ce zauren masallaci ne ba, Leighton bai gina shi don salla ba. Roƙona ɗaya ne: a rubuta ɓaro-ɓaro a cikin yarjejeniyar haya cewa ba a shiga Zauren Larabawa da giya, ba a rawa a cikinsa. Gidan yana da ɗakin zane mai faɗi, yana da lambu, yana da sabon sashe, wurin shagali bai ƙare ba. Mu a wurinmu ko takardar da aka rubuta aya a kanta ba a bari a ƙasa, yaro ƙarami ya san ya tsince ta ya ɗaga. Wanda bai yarda da wannan dalili ba, ga na sana'a: jan giya idan ya zuba a kan marmara yana shiga cikinsa ne, zafin jikin taro da tururin numfashi suna jiƙa bango, kuma dukan manyan lasifika yana bin daɓe ya hau bango kamar yadda girgizar inji ke yi. Abin da ladabi ya nema a nan shi ne abin da lafiyar ginin ta nema.

Girgiza ta kawo ni kan abin da ya fi hana ni barci, wato ƙasar da gidan ke tsaye a kanta.

Gidajen zamanin Biktoriya harsashinsu ba shi da zurfi, kuma da kwaɓin farar ƙasa aka ɗaura bulonsu, ba siminti ba. Wannan kwaɓi yana da haƙuri, yana ba gini damar motsawa kaɗan-kaɗan yadda ƙasa ke motsi, ita kuwa ƙasar Landan yumɓu ce a mafi yawan wurare, ta sha ruwa ta kumbura, ta bushe ta tsuke. Bulo da farar ƙasa sun saba da wannan numfashi. Tayil mai sheƙi bai san haƙuri ba. Idan bangon bayansa ya gusa fiye da yadda ya saba, ko dai ya tsage ko ya saki.

Na ga wannan da idona. Wasu shekaru da suka wuce na yi aiki a wani gida a yammacin Landan, ba zan kama sunan titi ko kamfani ba, inda mai gida ya sa aka haƙa ƙarƙashin gidansa da lambunsa don a yi wurin wanka da ɗakin kallo. Wata safiya wata tsohuwa da ke gidan da ke manne da namu ta fito da rigar sanyi ta yafuto ni, da yake ni ta gani a bakin ƙofa. Ta kai ni soron gidanta ta nuna mini daɓen tayil na asali, ƙanana masu kusurwa-kusurwa, ja da baƙi da ruwan ƙasa, irin wanda magina suka jera tun zamanin Sarauniya. Tsaga ta ratsa shi daga bakin ƙofa har gindin matakala. Na durƙusa na zaro kwabo daga aljihu na sa a tsagar, ya shige. Ta ce mini a kan daɓen nan 'ya'yanta suka koyi tafiya. An biya ta, an aiko masu gyara, ni ma na sa hannu, amma ni da na yi cikon na san ciko ne, ita ma ta sani. Tun ranar ban sake karɓar aikin haƙan ƙarƙashin gida ba.

Ku kun fi ni sanin wannan matsala, domin a unguwarku ta fi ƙamari, kuma a 2015 kun kafa ƙa'ida mai kyau: ginin ƙarƙashin ƙasa kada ya wuce hawa ɗaya, kada ya ci fiye da rabin lambu, kuma kada a haƙa ƙarƙashin ginin da doka ta kare. Amma ƙasa ba ta san iyakar fili ba. Kowa ya ji labarin Tower House a titin Melbury Road, tafiyar 'yan mintuna daga Gidan Leighton, gidan da William Burges ya gina wa kansa daga 1875 zuwa 1881, wanda makaɗi Jimmy Page ya saya a 1972. Da maƙwabcinsa, mawaƙi Robbie Williams, ya nemi izinin haƙa wurin wanka a ƙarƙashin ƙasa, shekaru aka yi ana jayayya saboda tsoron abin da girgiza za ta yi wa adon cikin Tower House, har a Disamban 2018 aka ba da izini bisa sharaɗin sa ido a kan girgizar da motsin ƙasa. Darasin da na ɗauka shi ne Tower House ya samu mai gida mai hali da naci, wanda ya iya ɗauko masana ya tsaya kai da fata. Gidan Leighton ba shi da wani mai gida sai ku, kuma ku ne dai masu ba da izinin gini a unguwar. Wuƙa da nama duk suna hannunku.

Don haka ina roƙo kada ku sassauta ƙa'idar 2015 ko da wane irin matsi ya zo, ku ma ƙara mata. Duk wanda zai yi haƙa mai zurfi a kusa da Gidan Leighton, a fara ɗaukar hoton halin da kowane bangon zauren yake ciki, a manna na'urar auna girgiza a jikinsa da kuɗin mai haƙan, kuma ma'aikacinku ya samu ikon tsayar da aiki nan take idan awo ya wuce iyaka, ba sai an jira zaman kwamiti ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuwa ƙadangaren danshi ne, idan ya shiga bayan tayil gishirin bulo zai biyo shi ya riƙa tura sheƙin yana ɓarewa, kuma De Morgan ba ya nan balle ya sake cikewa.

Akwai kuma maganar matsayi. Dokar Ingila ta kasa gine-ginen da take karewa mataki uku: na ɗaya, na biyu mai tauraro, da na biyu. Tower House yana mataki na ɗaya. Gidan Leighton yana na biyu mai tauraro, wanda ba ƙaramin matsayi ba ne, kusan kashi 6 cikin 100 na gine-ginen da aka kare ne kawai ke da shi. Duk da haka ina ganin ya cancanci na ɗaya, kuma ina roƙon ku nemi Historic England, hukumar kula da gine-ginen tarihi, ta sake duba shi ta ba minista shawara. Idan an auna shi da bulonsa na waje, to, yana da sa'o'i a unguwar. Idan an auna shi da abin da ke manne a cikinsa, aikin magina na Sham da na Landan a bango ɗaya, ban ga na biyunsa a ƙasar nan ba.

Wataƙila wani ya ce me ya kai ɗan Zariya damuwa da gidan Bature. A garinmu akwai Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, kusan lokacin da Biktoriya ta hau gadon sarauta. A shekarun 1970 aka lulluɓe shi da sabon gini, abin da ya saura na ginshiƙansa da bakan gizonsa yana ciki. Mahaifina yakan kai ni ya ɗora hannuna a kan ginshiƙi ya ce in ji aikin manya. Gidajen da shi kansa ya gina, masu zanko da daurin guga da zane a fuskar zaure, na ga yadda aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka mayar da su bulo da kwano. Wanda ya ga haka ba ya iya wuce tsohon bango bai ji komai ba, ko a wace ƙasa yake.

Na san kuma akwai masu cewa kuɗin majalisa gidajen talakawa ya kamata ya tafi, ba gidan tarihi ba. A ƙaramar hukumar da gobarar dogon benen Grenfell ta ci rayuka 72 a watan Yunin 2017, babu mai hankalin da zai raina wannan magana, ni ma ban raina ta ba, ran mutum ɗaya ya fi zauren nan da duk abin da ke cikinsa. Shi ya sa mafi yawan abin da na roƙa ba kuɗi yake ci ba, tsayawa yake so: sharaɗi a takardar haya, sharaɗi a takardar izinin gini, wasiƙa zuwa Historic England. Wanda ke cin kuɗi kuwa, a mayar da amfaninsa ga mutanen da ke biyan harajin. A arewacin Kensington, wajen Golborne Road da cibiyar Al-Manaar, akwai iyalai 'yan asalin Maroko da sauran ƙasashen Musulmi da suka yi shekaru da dama a unguwar. 'Ya'yansu za su iya karanta rubutun bangon nan ba tare da tafinta ba. A riƙa kwaso su daga makarantu ana kawo su, a bar yaro ya tsaya a gaban 'yan ajinsu ya karanta musu abin da ke sama ya fassara. Duk lokacin da za a yi gyara a gidan kuma, a sa wa ɗan kwangila sharaɗin ɗaukar 'yan koyo daga cikin matasan ƙaramar hukumar, su koyi kwaɓin farar ƙasa da gyaran tsohon tayil a hannun waɗanda suka iya. Masu wannan sana'a a Landan tsufa muke yi, kuma yaran da ke shigowa gini siminti da gam kawai aka nuna musu.

Ina da yaro ɗaya da nake koya wa aiki, iyayensa 'yan Sudan ne, a nan aka haife shi. Watan jiya na biya mana kuɗin shiga na kai shi zauren, na ce ya nemo mini cikon De Morgan guda uku ba tare da ya taɓa bango ba. Ya samo biyu. Na ukun da ya nuna tsohon tayil ne na Dimashƙu, sai dai an juya shi ba yadda mai shi ya nufa ba, kuma yaron ya lura da hakan da kansa. Idan kun buɗe ƙofar koyon da na roƙa, sunansa zan fara kawo muku, ni kuma duk ranar da ake buƙatar hannu a gidan, ko na riƙe fitila ne ga masu ɗaukar hoton tayil, a kira ni, ba na neman lada.

Ina fatan za ku karanta wannan wasiƙa a zamanku, ku ba da amsa a fili yadda kowa zai gani. Allah Ya yi muku jagora, Ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Naku cikin girmamawa,
Wani magini ɗan Zariya, mazaunin Landan.